Furen Da Ya Ƙi Mutuwa A Teburin Manaja

Na daɗe ina shakkar ko jera furanni a gilashi sana'a ce da mutum zai riƙe har ya tsufa a cikinta. A ƙasar da na yi karatu na ga shagunan fure, amma na ɗauke su a matsayin abin da ake yi idan an ƙoshi kuma sanyi ya hana fita. Da na dawo gida sai na tarar Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda na bari da keken ɗinki, duk unguwa ba a kiranta da komai sai Hajiya Mai Fure. Shakkata ta biyu ta fi ta farko muni. Ranar da na fara shiga bayan gidanta na ga abin da take nomawa, sai da na faki idonta na sa farce na tsunkule shi.

"Na gan ka," in ji ta, ba ta ko juyo ba. "Kowa sai ya tsunkula. Har limamin unguwa."

A littafi sunan tsiron anturiyam. Gwaggo ba ta taɓa damuwa da wannan suna ba, jan faranti take ce masa. Kuma haka yake. Abu ne mai faɗi kamar tafin hannu, ja jawur, yana sheƙi kamar an shafa masa mai, ga wani ɗan yatsa rawaya a tsaye a tsakiyarsa. Ba ya ƙamshi. Ba ya karkaɗe ganye. Idan ka taɓa shi sai ka ji santsi da ɗan tauri. Duk wanda ya gan shi karon farko zai rantse daga masana'anta aka fito da shi.

Ita kanta haka ta ɗauka. Wata maƙwabciyarta ce za ta tashi daga gidan haya, ta kawo mata tukunya guda ta ce ta ajiye mata, za ta dawo ta ɗauka. Gwaggo ta ɗora tukunyar a kan kabad kusa da taga, tana goge ta da jiƙaƙƙen tsumma duk ranar da take goge talabijin. Ruwan da ke ɗiga daga tsumman shi ya raya abin. Wata safiya ta ga sabon ganye ya leƙo, a naɗe kamar tabarma. Ta ce sai da ta yi salati ta fita tsakar gida, don a tunaninta robar ce ta haihu.

Maƙwabciyar ba ta dawo ba. Tukunya guda ta zama layi, layi ya zama rumfa. Yanzu bayan gidan Gwaggo an lulluɓe shi da baƙar raga don tsiron ba ya son rana ta dube shi ido da ido. Ba a ƙasa take shuka shi ba, a ɓawon kwakwa da gutsattsarin gawayi, kuma tana fesa wa iskar wurin ruwa kamar mai shirin guga. Keken ɗinkin yana nan a lungu, an ɗora masa bokiti.

Sai dai a kasuwa ba ya sayuwa. Masu son roba suna cewa me za su yi da robar da ake ba ruwa, masu son fure kuma suna cewa ba za a yaudare su ba. Wuri guda ne ya riƙe rumfar nan, wani otal da ke bakin babban titi, inda Gwaggo ke zuwa kowane mako ta shirya babban gilashin da ke teburin karɓar baƙi da ƙananan da ke ɗakin cin abinci. Idan otal ɗin ya tafi, rumfa ta tafi. Wannan kowa a gidan ya sani.

Na raka ta sau da yawa, da sunan ɗaukar mata bokiti. Tana aiki kamar yadda take yanka yadi, ba ta magana sai ta gama aune da ido. Koren soson da ake soka furanni a ciki take fara sakawa a ruwa, ta bar shi ya nutse don kansa, domin idan aka danna shi cikinsa zai kasance a bushe. Ganye ne farko, a baya da gefe. Sannan ta ɗauki kowane fure ta yanke gindinsa a karkace don ya sha ruwa sosai. Mafi tsawo shi ke kallon ƙofa, wai shi ke gaishe da baƙo. Ba ta yarda faranti biyu su fuskanci juna, ta ce sai su yi kama da matan da ke shirin dambe a bakin famfo. Kuma ba a taɓa fuskarsa da yatsa, tabo yake yi.

Mutumin da ya fi kowa haddace dokokinta shi ne Baba Tsumma, dattijon da ke goge-goge a otal ɗin tun kafin a sa masa tayil. An ce ko a wurin ɗaurin aure za ka ga tsumma a kafaɗarsa. A ƙarƙashin matakala akwai wani ɗan ɗaki inda yake ajiye tsintsiya, kuma a nan Gwaggo ke barin bokiti da ragowar furanni. Doka ta farko da ta koya masa, kuma ta fi nanatawa, ita ce ba a barin baƙo ya ga gawa. Da zarar kan ɗan yatsan nan ya fara baƙi, ko jan ya dushe, sai a zare shi a ɓoye, a ɗauko sabo a bokiti a maye gurbinsa. Baba Tsumma ya riƙe wannan doka fiye da yadda wasu ke riƙe amana. Shekara da shekaru babu baƙo, babu ma'aikaci, babu mai otal ɗin kansa da ya taɓa ganin fure ya yi yaushi a ginin nan.

Ana nan sai aka kawo sabon manaja. Mutum ne mai tsafta da fara'a, mai yawan cewa shi ba a rufe masa ido. Ina wurin ranar da ya tsaya a gaban babban gilashin, ya sa hannu a baya, ya sunkuya ya shinshina. Sannan ya tsunkula.

"Mama," ya ce wa Gwaggo, "wannan fa?"

"Fure ne, Yallaɓai."

"Na tambayi ma'aikata. Babu wanda ya taɓa ganin ko ɗaya ya bushe. Ko ɗaya. Mama, ni ma ina da uwa, ba zan ci mutuncinki ba. Amma a ce kowane mako ana kwashe roba a kai gida a wanke a dawo mana da ita a ce sabuwa ce?"

Gwaggo ta ajiye almakashi a hankali. "Yallaɓai, da hannuna nake shuka shi."

"Kowa haka yake cewa."

Ban san ko su waye kowa ba, amma na sa baki. Na ce abin ai mai sauƙi ne, a karya kara guda a ga ruwa ya fito. Manaja ya dube ni da tausayi. Ya ce da alama na daɗe ba na ƙasar. Shi ya je baje koli ya ga robar zamani da ake ɗura wa ruwa a ciki tun daga masana'anta. Na ce to ya zo gida ya ga rumfar. Ya ce roba ma ana iya soka ta a tukunya. A ganinsa shaida guda ce ba a iya sayowa, ita ce mutuwa. Ya zare fure guda daga gilashin, ya sa aka kawo kofi da ruwa, ya ce zai ajiye shi a kan teburinsa. Idan ya mutu, Mama ta ci gaba da aikinta, shi kuma zai ba ta haƙuri a gaban kowa. Idan bai mutu ba, to robar da ke otal ta wadatar, ba sai an riƙa kawo wata ba.

"Na yarda," in ji Gwaggo. "Amma fa yana daɗewa."

"Ina da haƙuri, Mama."

Daga ranar al'amuran gidanmu suka juye. Matar da ta shafe shekaru tana lallaɓa fure don ya rayu ta koma jiran labarin rasuwarsa. Duk wanda ya biyo ta wajen otal sai ta tare shi.

"Ya mai jiki?"

"Garau yake, Hajiya. Sai sheƙi."

"Inna lillahi," sai ta ce, ta koma fesa ruwa.

Maƙwabta suka fara shigowa jaje. Wata ta ce a zuba masa gishiri a kofin. Wani ya ce yana da ɗan'uwa mai gyaran na'urar sanyi, a sa shi ya ƙure ta ofishin, tunda kowa ya san jan faranti ba ya shiri da sanyi, kafin a jima zai yi baƙi. Gwaggo ta ce ita ba ta kisa. Idan kwanansa ya ƙare zai tafi.

Kwanan bai ƙare ba. Lokacin da ya kamata ya fara dushewa ya zo ya wuce. Na fara leƙawa ofishin manaja da kaina, shi kuwa yana murna da zuwana, har shayi yake sa a kawo mini don mu zauna mu kalli furen tare. A ziyara ta farko na lura farantin ya karkata hagu. A ta gaba na same shi ya karkata dama, kuma kamar ya ƙara faɗi. Na faɗa wa manaja. Ya ce hasken taga ne.

Sai wata ranar na shiga na tarar da furen fari fat.

Na tsaya a bakin ƙofa. Manaja yana zaune ya harɗe hannu, fuskarsa kamar ta wanda ya ci gasa.

"Ka gani da idonka?" ya ce. "Jiya ja, yau fari. Wane fure ne ke canja riga? Irin wannan ce na gani a baje koli, mai bin yanayin ɗaki. Gaskiya Mama ta san inda take sayayya."

Ban tsaya shan shayi ba. Na sauka kai tsaye ƙarƙashin matakala. Baba Tsumma yana tsugune gaban bokiti yana wanke kofi.

"Baba, ina jan da ke teburin manaja?"

Bai ɗago ba. "Wanne daga ciki?"

"Au, suna da yawa ne?"

"To, ɗan Hajiya, ai ba ƙarfe ba ne. Na farkon ya daɗe da tafiya. Jan ne ya ƙare mini a bokiti, shi ya sa na sa fari, irin wanda Hajiya kan haɗo jefi-jefi. Na yi ta addu'a kada ya lura."

Na zauna a kan wani galan. Na tambaye shi ko ya san sharaɗin da aka yi. Ya ce yana tsaye a wurin aka yi, da tsummansa. Na ce to ya san in manaja bai ga furen ya mutu ba, Gwaggo ta rasa aikinta. Ya ce ya sani sarai.

"To me ya sa, Baba?"

"Kai ba ka gan shi ba ne. Na shiga da safe zan goge tebur, na ga kansa ya yi baƙi, gefen ya fara naɗewa. Na ce wa kaina, bar shi, alheri ne. Na goge tebur, na goge taga, na fita har na kai bakin matakala. Wallahi ƙafata ce ta dawo da ni. A ce furen Hajiya ya mutu a gaban mutane, a ofis, a cikin kofin shayi? Idan manaja ya ga gawa a teburinsa, sunan wa ya ɓaci?"

"Idan bai gani ba aikinta ya tafi."

"Aiki daban, suna daban," ya ce, ya kife kofin.

Na tambaye shi inda yake kai waɗanda suka mutu. Ya nuna mini bayan ɗakin janareto, inda ƙasa ke da laushi. Ba ya zuba su a shara, kada masu kwasa su gani su kai labari.

Na koma gida da saurina, ina ganin na kawo maganin matsala. Gwaggo tana cikin rumfa tana cire busasshen ganye. Na kwashe komai na faɗa mata, na ce abin da ya rage kawai ta kira Baba ta hana shi, kafin mako ya zagayo an gama. Ta saurara har na kai aya.

"Da ka duba," ta ce, "ya yanke gindin a karkace?"

Na ce ban duba ba.

"Kai dai an yi asarar kuɗin jirgi. Ka je har ofis ba ka dubi gindi ba."

Washegari da za ta tafi otal na ga ta ƙara yawan jan faranti a bokitin da take bar wa Baba a ƙarƙashin matakala, fiye da yadda ta saba. Manaja ya wayi gari ya ga furensa ya koma ja, ya kira ma'aikata su zo su shaida.

Ƙarshen abin bai zo da hayaniya ba. Manaja ya kira ta ofis, ya ba ta kujera, ya yaba ingancin kayanta, ya ce a duk aikinsa bai taɓa ganin roba mai kyan wannan ba. Amma tunda ba ta lalacewa, otal zai riƙe wadda ke nan, Mama ta je ta huta. Gwaggo ta dubi furen da ke kofin, ta ɗan juya shi ya fuskanci ƙofa, ta yi sallama.

Kwanakin da suka biyo baya ba su da daɗi. Furanni suka yi ta buɗewa a rumfa babu inda za a kai su. Ta cika falo da su, ta cika kicin, har a kan keken ɗinki. Ta raba wa maƙwabta, wata ta mayar da nata ta ce yara sun ƙi wasa da shi. Na ga ta fara share keken tana zuba masa mai, ta ce ko za ta koma ɗinki. Da ta zo zura zare a allura sai ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.

A otal kuwa bokitin Baba Tsumma ya ƙare. Furannin babban gilashi suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda Allah ya tsara musu. Baba bai karya doka ba. Duk wanda ya dushe sai ya zare shi da sassafe ya kai bayan janareto, sai dai yanzu babu na mayewa. Manaja bai taɓa ganin ko guda ya yi yaushi ba. Abin da ya gani shi ne gilashi yana raguwa.

"Ana sace mana roba!" ya ce.

Ya zargi baƙi. Ya sa mai gadi ya bar ƙofa ya dawo ya tsaya kusa da gilashin. Mai gadin ya tsaya ƙyam yana harare-harare, yana matsa wa Baba hanya idan ya zo goge tebur. Wata baƙuwa da ta tsaya gyara ɗankwali a wurin sai da aka nemi ta buɗe jaka. Duk da haka gilashi ya ci gaba da ramewa, har ya rage ganye da koren soso. Ranar da na teburinsa ya ɓace, kofi da ruwa suna nan, ƙofa a kulle, manaja ya ce wannan aikin ƙwararru ne.

Ya shiga kasuwa da kansa ya sayo jan faranti na roba, na gaske, dami guda. Ya soka su a gilashi. Suka tsaya ƙiƙam suna kallon juna, ƙura ta hau su, ba su karkata hagu ba, ba su karkata dama ba. Ya ajiye guda a kofi ya jira ta canja launi. Ta ƙi. Baba Tsumma kuma ya ƙi goge su, ya ce tsummansa ba na wannan ba ne.

Wata rana da hantsi motar otal ta tsaya a ƙofar gidanmu. Manaja ya shigo har bakin rumfa, ya cire hula, ya dubi layin tukwane cikin girmamawa.

"Ashe nan ne sito," ya ce. "Mama, na zo ban haƙuri. Na je kasuwa an sayar mini da jabu. Ta asali a wurinki take."

"Yallaɓai, fure ne."

"Na sani, Mama, ba zan tambayi inda kike sarowa ba, sirrin sana'a ne. Matsalar ita ce baƙi sun gane darajarta, sata suke yi. Na rasa yadda zan yi da su. Abin da na yanke shi ne ki riƙa kawo sabuwa kowane mako, a cike gurbin abin da aka sace. Ki bar ragowa a wurin Baba, shi kaɗai na yarda da shi a ginin nan."

Gwaggo ta gyara wani ganye. Sannan ta ce za ta zo ranar da ta saba zuwa, amma a fitar mata da jabun nan daga gilashinta, a wanke shi da ruwan zafi. Ya ce an gama. Da zai fita ya faki idonta ya tsunkuli guda.

"Kai," ya ce a hankali. "Fasaha."

Haka Gwaggo ta koma aikinta, kuma har yau tana yi. Mai gadi na nan kusa da gilashi. Ana ci gaba da sata daidai gwargwado, manaja kuma ya daina fushi, har yana nuna wa manyan baƙi gilashin yana cewa a yi haƙuri kada a ɗauka, in ana so a yi magana da shi. An mayar da bokiti kan keken ɗinki.

Ni dai abin bai daina yi mini kai-kawo ba. Wata safiya muna cikin rumfa, ina riƙe da bokiti tana yanka, na ce, "Gwaggo, kin dawo da aikinki, amma mutumin nan har gobe roba yake gani. Baƙi ma haka. Duk otal ɗin nan wa ya san abin nan yana da rai?"

"Baba ya sani," ta ce. "Shi yake binne su. Matso da bokitin, kana bari gindi yana shan iska."